Hemar Biki Ta Birnin Alƙahira: Inuwa Ɗaya Ga Mai Murna Da Mai Makoki

A wannan mako filinmu zai leƙa birnin Alƙahira na ƙasar Masar, domin mu duba wani abu da baƙi da yawa kan gani su wuce ba su tambayi labarinsa ba, watau babbar hemar nan mai launi-launi da mutanen birnin ke kafawa a kan titi ran ɗaurin aure, ko ran zaman makoki, ko lokacin maulidi da watan azumi. Ɗalibanmu da suka yi karatu a Azhar, da fatakenmu da suka taɓa yada zango a can, duk sun san ta. Mutum zai bi wata hanya da safe ya gan ta fayau, ya komo da la'asar ya tarar an tsayar da ɗaki guda a tsakiyarta, mai tsawo kamar masallacin unguwa, bangonsa na yadi ja da shuɗi da rawaya da kore, an shimfiɗa dardumai, an jera kujeru, an rataya fitilu. Kashegari da hantsi kuwa babu ko alamarsa sai ramukan dirkoki.

Misirawa suna kiran wannan hema suradiƙ, wasu kuma su ce siwan. Sana'ar ɗinka ta kuwa sunanta hayamiyya, daga kalmar Larabci ta haima, wadda ita ce mu Hausawa muka ara muka mai da ita hema. Kalmar suradiƙ kanta tsohuwa ce ƙwarai, masana lugga da yawa sun ce daga harshen Farisa Larabawa suka samo ta, kuma ta zo a wuri ɗaya tak cikin Alƙur'ani mai girma, a aya ta 29 ta Suratul Kahfi, inda aka siffanta yadda Wuta za ta kewaye azzalumai ta kowane gefe. Allah ya kiyashe mu. Abin lura dai shi ne, kalmar tana nufin abin da ya zagaye mutum ya rufe shi, alhali kuwa hemar da za mu yi magana a kanta, babban amfaninta yana ga gefen nan guda da akan bari a buɗe.

TITIN MAƊINKA HEMA

Wanda ya fito daga masallacin Azhar ya nufi kudu cikin tsohon birni, ba zai yi tafiya mai nisa ba zai iso Ƙofar Zuwaila, ɗaya daga cikin ƙofofin ganuwa da waziri Badar al-Jamali ya gina a zamanin Faɗimiyyawa, a shekarar 1092. A kanta ne hasumiyoyi biyu na masallacin Sarki Mu'ayyad suke tsaye, kuma an ce daga samanta sarakunan Mamluka kan zauna su kalli tashin ayarin alhazai. Da ka fita ta ƙofar, ka bar masallacin Salihu Ɗala'i a hagunka, sai ka shiga wani siririn titi mai rufin katako, shaguna ƙanana dama da hagu, benaye a bisansu. Wannan shi ne Titin Hayamiyya. Ridwan Bey ne ya gina shi wajen shekarar 1650, mutumin da ya riƙe muƙamin Amirul Hajji na Masar fiye da shekara 20, yana jagorantar ayari zuwa Makka da komowa, har ya rasu a 1656. Da fari masu ɗinkin takalma ne suka fi yawa a wurin, daga baya maɗinka hema suka gaje shi. A yau shi ne kasuwa mai rufi irin ta dā da ta saura a Alƙahira da kamanninta.

Yadda ake aikin ba baƙo ba ne ga wanda ya taɓa zama wurin dukawa yana kallon yadda suke ɗora jar fata da koriya a kan tumtum. Sai dai nan yadin auduga ne a madadin fata. Maigidan shago zai zana surar da yake so a kan takarda mai kauri, ya ninke ta, ya bi layin zanen da tsinin allura yana hudawa. Sa'an nan ya shimfiɗa takardar a kan yadin gindi, ya barbaɗa garin gawayi ko na alli ya shafa, garin ya bi ta hudojin ya sauka, surar ta fito ɗigo-ɗigo. Daga nan sai ɗinki. Maɗinkin yana zaune ya tanƙwashe ƙafa, ya jingina bayansa da bango, ya yanko ƙyalle mai launi da babban almakashi, ya ɗora a gurbinsa, yana kalmashe bakin da tsinin allura yana kama shi da ɗinki ƙanana ƙwarai, har ido bai cika ganin zaren ba. Ba ya auna ƙyallen da ma'auni, ido da yatsa ne ke yi masa awo. Ƙyalle bisa ƙyalle, launi bisa launi, har surar ta cika. Bayan yadin kuwa akan sa wani mai kauri irin na tanti, wanda zai jure rana da ƙura da jan igiya. Saboda haka hemar tana da fuska biyu: wadda ke kallon waje fara ce ba ado, ko kuwa ta yi ruwan ƙasa don tsufa, wadda ke kallon baƙi kuwa ita ce mai ƙawa. Sana'a ce ta maza, kuma bisa al'ada yaro kan shiga ta tun yana ƙarami a hannun ubansa ko kawunsa, ya fara da zura zare da ɗinka miƙaƙƙen layi kafin a yarda ya taɓa lanƙwasa.

Surorin da suke ɗinkawa ba daga ka suke ƙago su ba. Maɗinki ba ya bukatar ya yi nisa wajen neman abin koyi, gama masallatan da ke kewaye da shi cike suke da shi: taurari masu tsini takwas ko goma sha biyu irin na ƙyauren ƙofa da mumbari, da reshe mai murɗewa yana fid da ganye, da tsarin duwatsun marmara na daɓen masallaci, da baka irin ta mihirabi. A zamanin sarakunan Masar masu laƙabin Hidiwi, daga 1867 zuwa 1914, an yi yayin ɗinka rubutun Larabci a saman bangon hema, na maraba da baƙo ko na baitocin hikima. Duk wanda ya zauna a ciki da dare, fitilu suna haska bangon, sai ya ga kamar an ɗauko adon babban masallaci an kawo masa ƙofar gida, ko da kuwa unguwar tasu ta talakawa ce.

Tarihin hemar ƙasaita a Masar ya girmi titin Ridwan Bey da ƙarnuka. Malam Maƙrizi, masanin tarihin Alƙahira wanda ya rasu a 1442, ya ba da labarin cewa halifofin Faɗimiyyawa suna da taska ta musamman a fada wadda ba a ajiye kome a cikinta sai hemomi. Daga ciki akwai wadda aka yi wa waziri Yazuri, an ce ma'aikata 150 ne suka yi shekara 9 suna aikinta, aka kashe dinari 30,000. Akwai kuma wata da aka yi wa laƙabi da Alƙatul, watau mai kisa, domin girmanta da nauyinta sun kai ga wajen kafa ta ana rasa rai cikin ma'aikata. Ba mu kawo wannan don yabo ba. Turkawan Usmaniyya su ma sun yi nasu, har suna da rukunin ma'aikata na musamman masu kula da hemomin sarki, kuma wasu daga cikin waɗanda suka bari a ƙofar birnin Biyana a yaƙin 1683 suna nan ajiye a Karako ta ƙasar Folan. A Indiya da Pakistan kuwa akwai shamiyana, a Sudan akwai siwan, wanda 'yan'uwanmu Hausawan can suka san shi sarai a biki da makoki. Amma abin da ya bambanta ta Alƙahira shi ne yadda ta sauko daga fada ta zama kayan kowa.

KAYAN HAYA NE

Dalilin saukowarta kuwa ba wani abu ba ne illa haya. Ba safai za ka sami mai gida da ya mallaki suradiƙ nasa na kansa ba. A unguwanni akwai shagunan da ake kira firasha, ma'aikatansu kuma farrashai. Su ne masu sayen bangayen yadin daga hannun maɗinka su ajiye, tare da dirkoki da igiyoyi da kujeru da dardumai da fitilu. In sha'ani ya taso wa mutum sai ya je ya faɗi yawan baƙin da yake tsammani da faɗin titinsu. Da yake bangon falle-falle ne, ana haɗa su gwargwadon bukata: mai ƙaramin ƙarfi a ɗaura masa kaɗan, attajiri a ɗaura masa da yawa har a cika fili. Farrashai su zo da kayansu a mota ko a amalanke, su kafa dirkoki, su gicciya sanduna a sama, su hau tsani su ɗaɗɗaure, cikin 'yan sa'o'i ɗaki ya tsaya.

To, a nan ne abin da ya ja hankalinmu yake. Fallen yadin da aka rataya jiya a gidan ango, shi ne za a rataya gobe a gidan da aka yi rashi. Ba a ware wani launi aka ce na baƙin ciki ne ba. Abin da ke gaya wa mai wucewa ko wane sha'ani ake yi shi ne abin da kunnensa ya ji da abin da aka miƙo masa. In biki ne, za a ji guɗa da kiɗa, a ga kujera biyu a kan dandamali an ƙawata su domin ango da amarya, a raba jan sharbat mai zaƙi. In makoki ne, maza na zaune jere shiru, 'yan'uwan mamaci suna tsaye a bakin ƙofa suna karɓar gaisuwa, mai karatu yana bisa doguwar kujera ya tanƙwashe ƙafa yana rera Alƙur'ani, ana zagayawa da baƙin gahawa wanda ba a sa masa sukari ba. In mai karatu ya kai aya ya dakata, waɗanda suka daɗe su tashi su yi sallama, su ba sababbin zuwa wuri. Manyan makarantan nan da muka saba jin muryoyinsu a rediyo da kaset, irin su Shaihu Mustafa Isma'il wanda ya rasu a 1978 da Shaihu Abdulbasiɗ Abdussamad wanda ya rasu a 1988, irin waɗannan tarurruka na makoki da maulidi suna daga cikin wuraren da jama'a suka saurare su baki da baki, kuma a nan ne makaranci kan yi suna ko ya rasa shi, domin masu sauraro a Masar ba su ɓoye ra'ayinsu. Da azumi kuwa, a ƙarƙashin wannan yadi ne masu hali kan jera teburan buɗa baki a gefen titi, waɗanda suke kira teburin Mai rahama, kowa ya zo ya zauna ba a tambayarsa daga ina yake.

ABIN DA SHARI'A TA NEMA GA WALIMA

Ba mu ce kafa hema ibada ce ba. Al'ada ce, kuma hukuncin al'ada yana bin abin da aka yi da ita. Amma in muka duba abin da Musulunci ya nema ga aure, za mu ga wannan al'ada ta yi masa hidima ta fuskoki biyu.

Ta farko ita ce bayyanawa. Aure a Musulunci ba abin ɓoyo ba ne. A mazhabarmu ta Malikiyya ma, in miji ya nemi shaidu su rufe maganar auren kada kowa ya ji, wannan shi ake kira auren sirri, kuma hukuncinsa a raba shi. Hemar da aka kafa a ƙofar gida kuwa shela ce da ba ta bukatar sanƙira. Duk unguwa ta san 'yar wane ta auri ɗan wane, ba mai zuwa daga baya ya ce bai sani ba.

Ta biyu ita ce buɗe ƙofa. Ya tabbata a Buhari da Muslim cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci Abdurrahman ɗan Aufu, wanda shi ma ɗan kasuwa ne, da ya yi walima ko da da akuya guda ce. An kuma ruwaito daga Abu Huraira, Allah ya yarda da shi, zargi mai tsanani a kan walimar da ake kiran mawadata a bar matalauta. Mu dubi walimar da shi kansa Manzon Allah ya yi ta Nana Safiyya a shekara ta 7 bayan Hijira. A kan hanya aka yi ta, tsakanin Haibara da Madina, a fili. Anas ɗan Malik ya ce babu gurasa babu nama a cikinta. An shimfiɗa buzaye, aka zuba dabino da cuku da man shanu, Musulmi suka ci. Ba bango, ba mai gadi. Wadda ta fi kowacce girma cikin walimominsa ita ce ta Nana Zainab 'yar Jahshi, ita ma akuya guda aka yanka, aka ƙosar da mutane da gurasa da nama.

Hema mai buɗaɗɗen gefe ta fi kusa da wannan ruhi fiye da ɗakin taron otal. Maƙwabci da bai sami katin gayyata ba zai iya shiga ya yi wa ango barka. Almajiri ko ɗan dako da ke wucewa zai sami kujera a baya, kuma kunya ba za ta bar mai gida ya kore shi a gaban jama'a ba. A yau kuwa masu hali a Alƙahira, kamar takwarorinsu a manyan garuruwanmu, sun fi son ɗakin taro mai ƙofa ɗaya da mai duba kati a bakinta, inda ake lissafin kuɗi bisa yawan kawuna. In an biya wa mutum 300, to na 301 ya zama hasara. Ba mu ce wanda ya yi haka ya yi haram ba, domin mutum yana da ikon zaɓen wanda zai gayyata. Muna dai cewa tsarin wurin da kansa yana tace talaka ya fitar, ko da mai bikin bai yi niyyar haka ba, kuma ya kamata ɗan kasuwa ko ma'aikacin da zai aurar da 'ya ya san abin da ya saya sa'ad da ya biya kuɗin ɗakin.

Wani mai karatu zai iya tambaya: shin wannan ado na yadi ba shi ne abin da magabata suka ƙi ba? Tambaya ce mai tushe. Imamu Buhari ya kawo a babin aure cewa Abdullahi ɗan Umar ya gayyaci Abu Ayyuba al-Ansari, da ya zo ya ga an lulluɓe bangon ɗaki da yadi, sai ya nuna ɓacin ransa ya koma bai ci abincin ba, ko da yake Ibnu Umar ya ba da hanzarin cewa mata ne suka rinjaye su. Daga irin wannan ne malamai da yawa suka karhanta tufatar da bango ba tare da bukata ba, suka yi rangwame in don zafi ne ko sanyi. A ganinmu hema ta sha bamban da wannan, domin a cikinta yadin shi ne bangon, in an cire shi ba abin da ya saura sai rana da ƙura. Allah Maɗaukakin Sarki ma ya lissafa ɗakuna marasa nauyi da ake yi da fatun dabbobi, na ranar tafiya da ranar zama, cikin ni'imominsa ga bayi, a aya ta 80 ta Suratun Nahli. Kuma a cikin hema Rufaida ta yi jinyar Sa'adu ɗan Mu'azu a masallacin Madina bayan yaƙin Handaƙ. Amma labarin Abu Ayyuba bai rasa abin da zai gaya mana ba. Da zarar girman hema ya zama abin gasa, ana ƙirga falle nawa wane ya kafa, to an koma gidan Yazuri. Littafin Muhtasar na Shaihu Halil, wanda malamanmu ke karantarwa a zaure, ya nuna walima mustahabbi ce, ta yini guda, bayan tarewa, kuma amsa kira wajibi ne ga wanda aka ambace shi da sunansa, sai fa in akwai abin ƙi a wurin, kamar shimfiɗar alharini. Yini guda aka ce. Masu yin mako suna canza rumfa da anko kowace rana sai su nemi hujjarsu a wani wuri.

INDA AKE SHIGA HAKKI

Ba za mu rufe ido ga laifuffukan wannan al'ada ba, kuma guda uku ne suka fi damunmu.

Na makoki ya fi nauyi. Sunna ita ce maƙwabta su dafa wa gidan mamaci abinci, kamar yadda aka yi umarni a yi wa iyalan Ja'afar ɗan Abu Ɗalib bayan ya yi shahada a Mu'uta a shekara ta 8, domin abin da ya same su ya shagaltar da su. An kuma ruwaito daga Jariru ɗan Abdullahi cewa sahabbai suna ɗaukar taruwa a gidan mamaci da dafa abinci bayan binnewa a matsayin wani nau'i na kukan mutuwa da aka hana. Malamai sun yi saɓani a kan zama don karɓar gaisuwa, wasu sun karhanta, wasu sun halatta don sauƙaƙa wa masu zuwa, kuma hema a titi tana da hanzarinta a birnin da iyali ke zaune a ɗaki biyu a hawa na biyar. Abin da ba saɓani a kansa shi ne dukiyar maraya. Abin da ake fitarwa daga gado kafin rabo shi ne kuɗin likkafani da wanka da kabari gwargwadon sani, sai bashi, sai wasiyya. Kuɗin babbar hema da fitilu da shahararren makaranci ba ya cikin wannan lissafi. In cikin magada akwai ƙananan yara, ba wanda ke da ikon yafe rabonsu don a fita kunyar jama'a. Baligin da ke son a yi, ya sa hannu a aljihunsa. Malaman Masar kansu sun daɗe suna jan kunnen mutanensu a kan wannan, kuma ba sai mun faɗa ba, jan kunnen ya iso har ƙofar gidajenmu, ran sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in.

Sai hakkin hanya. Titi ba na mai biki ba ne shi kaɗai. Hadisin Abu Sa'idu al-Hudri ya nuna an yi wa sahabbai izinin zama a bakin hanya ne bisa sharaɗin su ba ta hakkinta, kuma kame cuta daga masu wucewa yana cikin hakkin. A lungunan tsohuwar Alƙahira maƙwabta kan yi haƙuri da juna, domin kowa ya san ranarsa na zuwa, yau gare ka gobe ga ɗan'uwanka. Amma haƙurin maƙwabci ba ya halatta a toshe hanyar da motar asibiti za ta bi, ko a saki lasifika har asuba a kan mara lafiya da ɗalibi da mai fita aiki da sassafe. Masu kafa kanofi a titunanmu sun san inda maganar nan ta dosa.

Na uku wuta. Yadi da fitila da cunkoso, haɗuwarsu haɗari ce. A watan Agusta na 2009, a garin Jahra na ƙasar Kuwait, an cinna wa hemar mata wuta ana tsakiyar biki, mata da yara 57 suka rasu, kuma abin da ya ƙara munin abin shi ne hemar ƙofa ɗaya gare ta. Alhazanmu kuwa ba su manta gobarar Mina ta 1997 ba, wadda ta ci fiye da mutum 340, wadda bayanta ne hukumomin Saudiyya suka maye gurbin tantunan auduga da waɗanda wuta ba ta saurin kamawa. Gefen da aka bari a buɗe don baƙo, shi ne kuma mafita ran tsautsayi.

HALIN DA SANA'AR KE CIKI

Hemar tana nan a titunan Alƙahira har yau, musamman a unguwannin talakawa da lokacin azumi, amma yawancin abin da ido ke gani yanzu ba ɗinki ba ne. Tun wajen shekarun 1970 zuwa 1980 masana'antu suka fara buga surorin hayamiyya a kan yadi da inji, kamar yadda ake buga atamfa. Na inji ya fi araha nesa ba kusa ba, ya fi sauƙin ɗauka, in ya yage ba a yi babbar hasara ba. Mai shagon firasha ɗan kasuwa ne, ba za a zarge shi ba don ya zaɓi abin da zai fid da shi. 'Yan kasuwarmu da suka ga yadda aikin keke ya yi wa aikin hannu a wuyan babbar riga ba su bukatar a yi musu dogon bayani. Falle guda na hannu yakan ci wa maɗinki makonni ko watanni, inji kuwa ya fid da ɗaruruwan yadi a yini.

Maɗinkan da suka saura a titin Ridwan Bey sai suka juya ga ƙananan kaya: rigar matashin kai, da mayafin gado, da abin ratayawa a bango, yawanci don baƙi masu yawon buɗe ido. Wannan ma ba sabon abu ba ne, domin tun ƙarshen ƙarni na 19 suke ɗinka wa Turawa surorin Fir'aunoni. Wani mashahurin mai zane na Faransa, Matisse, ya mallaki irin wannan yadi, har ya sa shi cikin wani zanensa na 1948. Abin da Bamisire ke shan gahawa a ƙarƙashinsa a titi, shi ne ake kullewa cikin gilashi a gidajen tarihi na Turai. Bayan juyin juya halin 2011 baƙi suka ɗauke ƙafa, kasuwar ta faɗi ƙwarai, samari da yawa suka bar allura suka nemi wata sana'a. Abin da ya ɗan tallafa wa waɗanda suka daure shi ne nune-nunen da aka riƙa kai su a Ostareliya da Ingila da Amurka, inda mata masu sha'awar ɗinkin ƙyalle suka yi ta mamakin saurin hannunsu, suna saye. Ta wannan hanya gwanintar ta ƙaru, ɗinkin ya ƙara laushi, surorin suka ƙara wuya, amma kayan sun ƙara nisa da titin da aka ƙago su dominsa.

Ga wanda Allah ya kai shi Alƙahira cikin fatakenmu yana son ya sayo na ainihi, rarrabewa ba ta da wuya. Ya shafa da tafin hannu: na inji sumul yake kamar kowane yadi, na hannu kuwa za a ji tudun ƙyalle bisa ƙyalle. Sa'an nan ya juya bayansa. In ɗinki ne, zai ga sawun allura ƙanana sun bi surar gaba ɗaya a jikin yadin mai kauri, kuma tazararsu ba ta zama daidai wa daida kamar ta keke. Ya duba lanƙwasa da tsinin taurari, domin a nan ake gane gwani, kuma a nan farashi ke hawa. Masu shagon ba su ƙin a yi ciniki, kuma akasari wanda ke zaune da allura a bakin shagon zai iya gaya maka ko kwana nawa fallen ya ci a hannunsa.